Jirgin Da Ya Tsaya Shi Ya Fito A Hoto

Yau zan ɗauke ku daga hayaniyar kasuwa da ƙurar titi mu gangara bakin ruwa, domin akwai waɗansu hotuna da na gani a Zangon Agege waɗanda tun ran da na ɗora ido a kansu suka hana zuciyata sakat.

Duk wanda ke zaune a Ikko a farkon watan Oktoba na 2025 ba zai rasa jin labarin tseren jiragen ruwan nan da ake kira E1 ba, wanda aka yi a ruwan da ke gefen tsibirin Victoria. Wannan shi ne karo na farko da aka kawo wasan nahiyar Afirka. Gasar kanta ba tsohuwa ba ce, don a Jidda aka fara ta cikin watan Fabrairu na 2024. Jiragen ba sa shan mai ko ɗigo, da lantarki suke tafiya, kuma an yi musu waɗansu fikafikai daga ƙarƙashi, yadda in gudu ya yi gudu sai gangar jikin ta ɗaga ta bar ruwa, jirgi ya zama kamar tsuntsun da ke shirin tashi. Gudunsu yakan kai kilomita 90 da 'yan kai a sa'a guda. Kowace ƙungiya tana da matuƙa 2, namiji da mace, suna karɓa-karɓa. Masu ƙungiyoyin kuwa mutane ne da duniya ta san su ta wata hanya dabam, kamar su Didier Drogba, ɗan ƙwallon nan na Kwaddibuwa, da Rafael Nadal, gwanin wasan tanis na ƙasar Sifen.

Ni kam ban je ba, don shekaru sun fara hana ni tsayuwar rana. Amma ɗan wana, wani saurayi da ke sayar da kayan waya a nan Agege, ya yi sammako ya shiga danfo, ya ratsa cunkoson Ikko, har ya sami wani gefe a bakin ruwa inda yake hangen filin tseren. Da dare ya zo mini baki har kunne, ya ce ya ɗauko mini abin da zan sa a jarida. Ya miƙo wayarsa. Na duba hoto na farko, ruwa. Na biyu, ruwa da farin kumfa. Na uku, ƙeyar wani mutum mai jar hula. Cikin hotuna fiye da 60 babu wanda mutum zai nuna ya ce ga jirgin tsere nan sosai. Inda jirgin ya shiga hoton ma, sai ka ga kamar an shafa alli a bango da tafin hannu. Jikin yaron ya yi sanyi. Ya ce, "Wallahi Baffa, na gan su da idona, gabana suke wucewa." Na ce na yarda, amma mai karanta jarida ba da idonka zai gani ba.

A SHAGON MAI HOTO

Washegari na ce ya zo mu je wurin wani dattijo da ke da shagon hoto kusa da tashar jirgin ƙasa ta Agege. Mutumin Kano ne, ya zo Ikko yana saurayi tare da fataken goro, ya koyi sana'ar hoto a hannun wani Bayarabe, ya kuwa riƙe ta har tsufa. A da, ran Sallah sai ka ga layi tun daga ƙofar shagonsa har bakin titi, manya da yara kowa ya sha ado, ana jiran a zauna gaban labulen nan mai zanen bene da jirgin sama. Yanzu waya ta kashe wannan kasuwa, ba abin da ya rage masa sai hoton fasfo da na 'yan makaranta. Amma dai da tsohuwar zuma ake magani.

Ya sa tabarau, ya karɓi wayar, ya yi ta turawa da yatsa, bai ce uffan ba. Can sai ya ɗago kai ya ce, "Yaro, yaushe kake danna abin nan?" Yaron ya ce, "Da zarar na ga jirgin ya iso gabana, Baba." Tsohon ya yi murmushi ya ce, "To, ai shi ke nan. Wanda ya bari sai jirgi ya zo gabansa sa'an nan ya danna, wurin da jirgi ya bari zai ɗauka. Ka taɓa ganin maharbi ya auna inda tsuntsu yake? Inda za shi ake aunawa."

Da na koma gida na zauna da alƙalami na yi lissafi, sai na tarar maganar tsohon ba ta da gyara. Abin da ke gudun kilomita 90 a sa'a, a kowane sakan guda yana cin mita 25. Tsakanin ganin ido da motsin yatsa mutum yakan ɓata kamar rubu'in sakan, watau jirgi ya riga ya matsa mita 6 da ɗoriya. In ka ƙara da ɗan jinkirin da waya ke yi kafin ta ɗauka, to, jirgin da tsawonsa bai kai mita 8 ba ya fice daga hoton ɗungum, ya bar maka kumfa. Ashe yaron bai yi ƙarya ba, wayarsa ma ba ta yi ƙarya ba; kowannensu lokacinsa dabam.

Mun kai wajen sa'a 2 a shagon, tsohon yana koyar da shi, ni kuwa ina rubutawa a bayan ambulan. Ga abin da na tsinta, ko zai amfani wani.

ƘIFTAWA DA BIN GUDU

Abu na farko shi ne ƙiftawar kyamara. A bayan gilashin kowace kyamara ta sosai akwai wani ɗan ƙyaure da ke buɗewa ya rufe, kuma iyakar abin da haske ya shigar a wannan ɗan lokaci shi ne hoto. Waya ma tana da irin wannan ƙiftawa, ko da yake tata da lantarki take yi. In ƙiftawar ta ɗauki kashi 1 cikin 60 na sakan, wadda ta isa a ɗauki amarya tana zaune, jirgin tsere zai matsa fiye da santimita 40 tun ido bai rufe ba, shi ya sa ya fito kamar shafin alli. In aka mai da ita kashi 1 cikin 1,000, motsin bai kai santimita 3 ba. In aka kai ta kashi 1 cikin 2,000, har ɗigon ruwan da ke tashi sama zai tsaya cak kamar an zuba tsakiya a iska. Sai dai gajeriyar ƙiftawa tana bukatar haske mai yawa, saboda haka ran da hadari ya rufe rana, kamar yadda yakan yi a Ikko da damina, tilas a ƙara wa kyamara ƙarfin jin haske, a haƙura da ɗan dishi-dishin da zai biyo baya. Wayoyi da yawa suna da wurin da mutum zai saita wannan da kansa, suna kuma da hanyar ɗaukar hotuna a jere ba tsayawa. Amma kowa ya nemi yadda tasa ke yi tun yana gida, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na biyu shi ne bin gudu, kuma nan tsohon ya miƙe tsaye don ya nuna. Ya ce a filin sukuwa na Kano ya gane shi, shekarar da ya je gida da kyamararsa ta farko, fim guda ya ƙare bai sami ko doki ɗaya da ƙafafunsa huɗu ba. Mutum zai kafa ƙafafunsa suna fuskantar inda yake so hoton ya faɗa, ya manne gwiwoyin hannunsa a haƙarƙari, ya murɗa ƙugu ya tari jirgin tun daga nesa, ya biyo shi a hankali kamar yadda kan maƙiyayi ke bin shirwa, ya danna ba tare da ya tsaya ba, ya kuma ci gaba da rakiya bayan ya danna. Wanda ya iya wannan yana iya sassauta ƙiftawa zuwa kashi 1 cikin 200 ko ƙasa da haka, sai jirgin ya fito tangaran, ruwa da gidajen bayansa su zama zare-zare. Irin wannan hoto shi ke sa mai kallo ya ji gudun a jikinsa. Kuma a bar wa jirgi fili a gabansa cikin hoton, kada a matse hancinsa da gefe, a kuma lura kada ruwa ya karkace, don kowa ya san ruwa ba ya kwanciya a karkace.

Ya ƙara da waɗansu ƙananan abubuwa. Rana ta kasance a bayan mai hoto, in ba haka ba ƙyallin ruwa zai ruɗi kyamara, ta ga wuri ya yi fari ta rage haske, jirgi ya fito baƙi ƙirin. Jawo abu kusa da yatsu biyu a fuskar waya, in ya wuce iyakar gilashinta, ba ya ƙara kome sai ɓata hoto. Gara a ɗauka yadda yake a yanke daga baya. Ruwan Ikko kuma da gishiri-gishiri, feshinsa yana cin ƙarfe yana dusashe gilashi, saboda haka a tafi da tsumma mai laushi da leda.

SANIN HANYA TUN KAFIN A TASHI

Abu na uku shi ne wanda tsohon ya ce ya fi sauran duka, watau sanin inda jirgi zai bi. A miƙaƙƙiyar hanya jirgi yana kan ganiyar gudunsa, kuma jiragen sun rarrabu. A wurin kwana, inda aka kafa manyan alamu a kan ruwa, nan suke rage gudu, nan suke cunkushewa, nan ruwa ke tashi kamar bango. Mai hoto na gari yakan zo da wuri, ya kalli zagayen gwaji bai ɗauki kome ba, ya zaɓi kwanarsa, ya saita kyamara a kan wurin, ya jira jirgi ya shigo masa.

A nan ya kamata in faɗi wani abu game da jiragen jet, don na ji samari da yawa suna kiran jiragen da suka zo Ikko da wannan suna, alhali kuwa farfela ke tura su. Jirgin jet na ainihi ba shi da farfela a waje. Injinsa yana zuƙo ruwa ta ƙarƙashi, ya feso shi da ƙarfi ta wani bututu a baya, ƙarfin feshin ya tura jirgin gaba, in an karkata bututun kuma jirgi ya juya nan take. Irin wannan inji ne a cikin baburan ruwan da 'ya'yan masu hali ke hawa a Ikoyi da Lekki ranar hutu. Wani manomi kuma maƙeri na ƙasar Niyuzilan mai suna Bill Hamilton shi ya inganta dabarar a shekarun 1950, domin kogunan ƙasarsu ba su da zurfi, duwatsu kuma suna karya farfela. A 1960 aka hau kogin Kolorado na Amurka da jiragensa, ana fuskantar ƙarfin ruwa, ta cikin babban kwazazzabon nan da ake kira Grand Canyon. Daga baya, a farkon shekarun 1980, mutanen Niyuzilan suka mai da abin wasan kallo, har ya bazu zuwa Ostareliya da Amurka. Sukan haƙa 'yan magudanai marasa zurfi a fili, masu sarƙaƙiya kamar hanjin kaza, jama'a su zauna a kan tudu kewaye, jirgi ɗaya ya shiga a lokaci guda, ya yi juyi 25 zuwa 30 cikin kamar minti guda, wanda ya fi ƙarancin lokaci shi ya ci. Mutum 2 ke ciki: matuƙi, da ɗan jagora wanda ya haddace hanya yana nuna masa da hannu, don ƙarar inji ba ta barin a ji magana.

To, in matuƙin kansa sai da wanda ya haddace masa hanya, ina ga mai hoto da ke tsaye a gefe? Wanda bai san jerin juyin ba, kafin ya waiwaya an gama. Kuma a irin wannan tsere jirgi yakan kuɓuce ya bar ruwa ya hau tudu, saboda haka ake kafa shinge. Duk inda aka yi wa 'yan kallo iyaka, a Ikko ne ko a wata ƙasa, mai hoto ya tsaya bayanta. Babu hoton da ya kai ran mutum.

HOTO NA ARBA'IN DA WANI ABU

Muna shirin tashi, yaron yana ta turawa don ya goge hotunan, sai tsohon ya riƙe masa hannu ya ce, "Dakata, koma baya." Ya koma. Hoton irin sauran ne, jirgin tsere ya wuce ya bar kumfa. Amma daga can gefe ga wani ƙaramin jirgi ya fito tangaran, don shi a tsaye yake. Mutanen cikinsa sanye da rigunan kariya daga nutsewa, babu mai kallon jama'a, babu mai riƙe da waya, duk sun zuba wa filin ido. Jirgin ceto ne. Tsohon ya daɗe yana dubansa, sa'an nan ya ce, "Wannan kada ka goge shi. Turo mini in wanke shi babba in rataye. Shekaruna nawa ina shiga jirgin fito in za ni biki garuruwan bakin Kwara, ban taɓa ganin jirgin da ba shi da wani aiki sai ya tsaya ya jira ko wani zai faɗa ruwa ba."

Wannan ita ce maganar da ta hana ni barci. Amfanin hoto tun asali ke nan, ya tsai da abin da ido ya kasa tsayarwa, a zauna a dube shi a natse. A 1878 wani Bature mai suna Eadweard Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen hanyar doki a Kalifoniya, hotunansa suka nuna cewa akwai lokacin da doki mai sukuwa ke ɗauke ƙafafunsa huɗu duka daga ƙasa, abin da mutane suka daɗe suna gardama a kai ko da yake kullum suna kallon dawaki. Haka nan ɗan wana ya wuni yana kallon tsere bai ga jirgin ceto ba, sai da hoton da ya ɗauka bisa kuskure ya nuna masa.

Ku duba, jama'a. Matuƙin jirgin tsere ƙwararre ne, da rana tsaka yake tuƙi, shi kaɗai ne a ciki, yana cikin rufaffen ɗaki, an ɗaure shi da ɗamara, ga hular kwano a kansa, ga masu ceto suna dakonsa. Ƙa'idar irin wannan wasa ke nan a ko'ina: ba a tashi sai masu ceto sun kama wurarensu. Yanzu mu waiwaya gida.

RUWAYENMU

A watan Mayu na 2021 wani jirgi ya taso daga Jihar Neja za shi kasuwar Warra, a ƙaramar hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, ɗauke da mutane fiye da 150, ya tarwatse a tsakiyar Kwara, akasarinsu ba su tsira ba. A ƙarshen watan Nuwamba na wannan shekara kuma wani jirgi ya kife a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, mutum 29 aƙalla suka rasu, mafi yawansu 'yan makarantar Islamiyya ne da za su taron Mauludi. A watan Yuni na 2023 mutane fiye da 100 suka halaka a ƙasar Pategi ta Jihar Kwara, cikin dare, suna dawowa daga ɗaurin aure. A ranar 1 ga Oktoba na 2024, da dare har wa yau, wani jirgi maƙare da mata da yara ya kife kusa da Gbajibo a ƙasar Mokwa. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya. Mu da ke zaune Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago, da wuya a sami layin da babu wanda ke da dangi a ɗaya daga cikin waɗannan wurare.

Dalilan kuwa ba ɓoyayyu ba ne, kusan iri ɗaya ne kowane karo: lodi fiye da kima, tafiyar dare, tsohon katako, kututturen itace a ƙarƙashin ruwa, da rashin rigar kariya. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, watau NIWA, mai hedkwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta sa rigar. A 2025 ma'aikatar tarayya mai kula da harkokin ruwa ta ba da sanarwar raba riguna 42,000 ga jihohi 12, aka fara daga Minna. Abin tambaya shi ne, ran kasuwa da hantsi, sa'ad da jirgi ke barin mashigi, riguna nawa ne a jikin mutane?

Hoto yana iya amsa wannan tambaya, amma ba mu saba tambayarsa ba. Hoton jiragenmu da muka saba gani a waya shi ne na bayan haɗari: gawarwaki jere a kan yashi, ana ta turawa daga wannan waya zuwa waccan, ba a ko tunanin uwar da za ta buɗe ta ga ɗanta. Wannan hoto bai ceci kowa ba, cin mutuncin mamaci ne kawai. Wanda ke da amfani shi ne na kafin tashi, mai kwanan wata da sunan mashigi, wanda za a iya ƙirga kawunan da ke ciki, a ga inda ruwa ya kawo a jikin jirgi, a ga babura da buhunan da aka ɗora, a ga masu riga da marasa riga. Irin wannan ana iya ajiye shi gaban shugaban ƙaramar hukuma ko ɗan majalisa, ya rasa ta cewa.

Na san wani zai ce, ina ruwan talaka da wasan attajirai, su da kuɗinsu suka sayi tsaro. Gaskiya ne ba za a yi wa kowane ɗan fito rufaffen ɗaki ba. Gaskiya ne kuma mutanen ƙauyukan nan ba don sha'awa suke cunkusuwa ba, rashin hanya da gada ke tilasta musu, kuma mai hoto na gari zai ɗauko wannan ma, kada ya ɗora laifi duka a kan mai jirgi. Amma rigar kariya, da ƙirga mutane, da kwale-kwale guda da zai tsaya a shirye ran kasuwa da ran biki, waɗannan ba su fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Ajali ba ya wuce lokacinsa, mun yarda, amma ganganci ba tawakkali ba ne.

NAMU TSEREN

Kada kuma a ɗauka cewa tseren jirgi baƙon abu ne da aka kawo mana daga Jidda. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda kuma hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, ana yin tseren kwale-kwale cikin wasannin kabanci a ruwan Matan Fada. Ga Rigata ta Yawuri, ga ta Pategi. A nan Ikko ma, lokacin bikin FESTAC na 1977, sa'ad da aka yi hawan daba a Kaduna, an yi gagarumin wasan jiragen ruwa a Ikoyi, a gefen titin da a lokacin ake kira Queen's Drive.

Na tambayi tsohon ko ya je wannan. Ya ce ya je, ya kuwa ɗauki fim 3. Na ce, "Alhaji, ina suke?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce laimar Ikko ta cinye su a cikin akwati, ran da ya buɗe ya tarar sun manne sun zama dunƙule. Ga shi kuwa wata Ba'amurkiya baƙar fata mai suna Marilyn Nance, wadda ta zo bikin tana budurwa, ta adana nata, har aka buga su littafi a 2022, duniya tana kallon FESTAC ta idonta. Ba laifinta ba ne, ta kyauta ƙwarai. Namu ne muka bari suka ruɓe.

Alhali kuwa tseren kwale-kwale ya fi na lantarki sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba, kowace waya za ta iya. Ya kuma fi shi abin gani, don matuƙin jirgin lantarki ba ka ganin ko fuskarsa, amma a kwale-kwale ga fuskoki, ga damatsa, ga filafilai suna faɗa wa ruwa lokaci guda, ga makaɗi a tsakiya. Kowane ɗaya ɗan wani ne, yana da suna da gari. Dabarun nan uku duk suna aiki a can: gajeriyar ƙiftawa don feshin filafili, bin gudu, da sanin inda za a yi kwana, wanda Sarkin Ruwa zai gaya maka in ka je ka gaishe shi ka nemi izini kamar yadda ya kamata.

Saboda haka ga roƙona ga samarinmu na Ikko masu manyan wayoyi, da masu hoton da kasuwa ta guje musu. In an sake kawo tseren attajirai, ku je ku kalla, ku gwada hannunku, babu laifi, makaranta ce mai kyau. Amma in kun je gida da Sallah ko da biki, ku gangara mashigi. Ku ɗauki tseren garinku, ku tambayi sunayen matuƙa ku rubuta, ku sa rana da wata da shekara, ku wanke masu kyau a takarda, ku kuma ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Ku ɗauki jirgin kasuwa ma kafin ya tashi, da sallama da ladabi, ba da niyyar tozarta kowa ba. Inda kuka ga an sa riguna an ƙirga mutane, ku ɗauka ku yaba, don a san mai yiwuwa ne. Inda kuka ga akasin haka, ku ɗauka ku kai inda za a gyara. In kuma kuka tarar lodi ya wuce kima, to, ku fara da kanku, kada ku shiga.

Hoton nan yana nan rataye a shagon tsohon, tsakanin hoton wani ango da kalandar bara. Masu zuwa ɗaukar fasfo sukan tambaye shi, "Baba, ina jirgin tseren a nan?" Yakan ce ya wuce. Ɗan wana kuwa yanzu kullum da la'asar yana bakin titi yana gwada bin gudu da 'yan Keke Marwa da danfo, ya ce yana shirin Argungu.

Allah Ya kiyaye matafiyanmu na ruwa da na tudu. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.